Kwalaben Sarkin Tsinke

A ɗakin gwaji na asibitinmu ana kiransa Sarkin Tsinke. Shekara ashirin da shida ke nan yana zura wa mutane tsinken auduga a hanci, ya karya shi cikin 'yar kwalba ya kawo mana, mu kuma mu sa a na'ura mu nemo ƙwayar cutar da ke kawo mura da tari. Da wankin kwalabe ya fara tun yana saurayi. Da mai ɗibar majinar ya yi ritaya, sai aka miƙa masa farar riga, don ba wanda ke son aikin. A ciki ya yi aure, a ciki ya aurar da 'ya'ya uku.

Da na zo sabuwa daga jami'a, ni ce mai ƙyanƙyami. In na buɗe kwalba na ga abu rawaya yana yauƙi a jikin tsinke, ranar na yi sallama da abincin rana.

"'Yar boko, ba a koya muku majina ba ne a can?" in ji shi, yana dariya. Ni dai sai in sunkuyar da kai.

A hankali na lura kwalabensa sun bambanta. Na nas-nas sukan zo da duhu-duhu, nasa kuwa garau, kamar ruwan sha. Na'urar tana da wata alama da ke nuna ko tsinken ya gogi cikin hanci sosai. A nasa da kyar take ɗagawa, amma tun da ta ɗaga, sai a rubuta babu cuta a wuce.

Wata rana na bi shi ɗakin yara da akwatin ƙanƙara, na ga yadda yake yi. Ƙa'ida ita ce tsinke ya shiga can ciki, a murza, har ido ya kawo ruwa. Shi kuwa daga nesa yake miƙa hannu, fuskarsa na kallon taga, ya ɗan lakaci bakin hanci ya zare kafin a yi masa atishawa. Sannan ya wanke hannu sau uku. Matarsa ta taɓa kawo masa abinci, na ji tana gaya wa mai shara cewa ko nasa 'ya'yan bai taɓa share wa hanci ba.

Tun daga ranar majina ta daina tayar min da zuciya. Kwalabensa masu tsabta su ne ke sa ni tashin zuciya.

Sai aka kawo wata jaririya 'yar wata huɗu, numfashinta na ƙara kamar fito, aka kwantar da ita tsakanin jarirai biyar. Likita ya ce in gwaji ya nuna ƙwayar, a keɓe ta kafin ta shafa wa sauran. In babu, ta zauna. Kwalbar da Sarkin Tsinke ya kawo ta zo garau. Na'ura ta ce babu.

Na daɗe riƙe da takardar sakamakon. Ban taɓa musa wa babba magana ba.

"Baba," na ce, "ko a sake ɗibar ta jaririyar nan?"

"Ke! Kina zanen goyo nake wannan aikin. Jaririya ce, so kike in huda mata ƙwaƙwalwa?"

"Tsinken bai shiga ba, Baba."

"To ga tsinke, ga hanya. Malama mai digiri."

Na sa takunkumi da safar hannu na tafi. Uwar ta riƙe min kanta tana cewa, "Yi a hankali, 'yar nan." Na zura, na murza. Jaririyar ta canyara ihu, sannan ta yi atishawa. Abu mai ɗumi ya feso min a goshi, ya gangaro kan gira. Ban goge ba sai da na rufe kwalbar.

Kafin a tashi aiki layin da ke nuna akwai ƙwayar ya miƙe a fuskar na'ura. Aka ɗauke jaririyar zuwa ɗaki ita kaɗai.

Da na dawo ɗakin gwaji, Sarkin Tsinke yana zaune yana goge takalminsa, labarin atishawar ya riga ya iso masa. Ya dubi goshina, wanda na riga na wanke tas, ya yamutsa fuska, ya ja kujerarsa baya.

"Kin ga irinta ko? Ni shekara ashirin da shida, ko ɗigo bai taɓa taɓa ni ba."

Da alfahari ya faɗa. Tun daga washegari ni ke zuwa ɗakin yara. Bai tambayi dalili ba, har addu'a ya yi min.