Ɗaya Gefen Kaset Ɗin

Wai shin waƙar ce take kiran mutuwa, ko kuwa mutuwar ce take aiko ta ta share mata hanya? Na san amsar da malamai za su ba ni, na kuma yarda da ita: rai na Allah ne, Shi ke bayarwa Shi ke karɓa. Amma zuciyar tsohuwa ba ta jin karatu, har yau tambayar tana nan daram a ƙirjina. Ni ban yi boko ba. 'Yata ce ke rubuta muku wannan a wayarta ina faɗa mata, na kuma ce kada ta gyara mini magana.

Shekarun baya, lokacin da maigidana yake gyaran injin jirgi a reluwe, wani abokin aikinsa mutumin kudu da aka yi wa canjin gari ya bar masa wani kaset na waƙoƙin Turawa. A unguwar Shango muke zaune. Maigidan yana da wata baƙar rakoda mai cin batir kamar ƙasa. Waƙar farko a kaset ɗin, jita ce ke buɗe ta a hankali, sai wani namiji ya shigo da shaƙaƙƙiyar murya irin ta wanda ya gaji da kuka. Can tsakiya sai ya yi shiru, jitar ta ɗauki kukan ita kaɗai, tana ja tana ja har tsigar jikin mutum ta tashi. Ko kalma ɗaya ban sani ba a cikinta.

Maigidana bai iya faɗin mummunan labari ba. Mu dama haka muke, mutum yana gargara a ce maka jiki da sauƙi, amma nasa ya wuce na kowa. Ranar da aka aiko cewa mahaifiyarsa ta rasu, ya shigo da hantsi, ya wuce ni ina tankaɗe, ya zauna bakin gado ya danna rakoda. Sai da waƙar ta ƙare ya ce in ɗauko mayafina. Ba ya barin ta biyu ta shigo. Da ta ƙare sai ya zare kaset ɗin, ya zura biro a ramin ya mayar da shi farko don kada batir ya ƙare, ya ajiye. Haka ya yi ranar ƙanensa. Ranar ɗanmu na fari kuwa, da mota ta kaɗe shi, ina wanki na ji jitar ta fara. Na faɗi cikin ruwan kumfa tun ba a gaya mini ko wane ne ba.

Akwai wata maƙwabciyata Kirista, mutuniyar kirki, tana jin Turanci. Wata rana maigida ba ya nan na kira ta na kunna mata, na ce ta gaya mini wace irin addu'ar mutuwa ce wannan. Ta saurara, sai ta fashe da dariya.

"Mama, wannan ba waƙar mutuwa ba ne fa. Budurwa ne ya gudu ya bar shi, shi ne yana kuka."

Kun ji wautata. Mako guda ina kumbure-kumbure, ina hana miya daddawa, wai ni nan na gano yana da wata tsohuwar budurwa a kudu. Da na gaji na tare shi da maganar, ya yi murmushi ya ce shi ma rabin Turancin ba ji yake ba. Ya ce: "Ba maganar nake saurare ba. Mutumin yana yi mini abin da na kasa yi ne."

Aka yi shekaru lafiya. Ya yi ritaya, yara suka yi aure, rakoda ta koma ƙasan akwati ƙarƙashin zannuwan gado, har na fara mantawa da ita.

Wata safiya da damina ina tsakar gida ina fere doya, na ji jitar. Wuƙa ta suɓuce mini. Na kasa tashi, na kasa zama sosai, ina salati ina jiran ta ƙare ya ce in ɗauko mayafi. Ta ƙare. Na ji ƙarar biro yana juya kaset. Sai ya leƙo ya tambaye ni ko da sauran koko. Na ce wane ne ya rasu, ya ce ba kowa. Na ce ya dubi Allah ya gaya mini, ya ce wallahi babu wanda ya rasu. Washegari ya sake sa ta. Wanshekare ma haka.

A lokacin waya ta riga ta shigo hannun kowa, amma ni ban yarda da lafiyar waya ba. Wanda ke kwance a gadon asibiti ma lafiya lau zai ce maka. Na ɗaura zani na hau motar Kagara wajen 'yata, wannan da ke rubutu, ina tafe ina ganin gawarta a idona. Na same ta tana daka. Na tara jikokina ina taɓa goshinsu ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana ta tambayata lafiya, na ce kewa ce ta kawo ni. Kashegari na wuce Beji wajen yayana, na tarar da shi a gona ya fi ni ƙarfi, har yana tsokanata wai miji ya koro ni da tsufana. Na dawo gari na bi ta shagon ɗanmu na ƙarshe mai walda, na tsaya nesa ina kallonsa yana aiki, ina lissafin wutar da za ta iya kama shi. Babu wanda ban duba ba, har ƙanwar maigidan da ba ma shiri.

Na shigo gida da la'asar ƙafafuna sun kumbura, amma raina fes. Yana zaune kan tabarma a inuwar mangwaro. Na ce masa na je da ƙafata na gani da idona, kowa lafiya, ya daina tayar mini da hankali da wannan Baturen nasa mai kukan mace.

"Kowa kika duba?" ya tambaye ni.

"Kowa, Malam."

"To madalla."

Ya miƙe zai yi alwala, sai na ga ya riƙe wandonsa da hannu ɗaya don kada ya zame. Na dubi wuyansa, na ga ya zama kamar na ɗan tsako a cikin rigar. Na dubi idonsa, farin ya koma ruwan ɗorawa. Na tuna kajina da suka yi ƙiba ba dalili, ashe tuwonsa suke ci. Na zaga Kagara, na zaga Beji, na ƙirga kowa da kowa, ban ƙirga wanda muke kwana ɗaki ɗaya ba.

Butar na karɓe daga hannunsa na ce ya zauna. A nan ya gaya mini, yana kallon ƙasa, cewa ya jima yana zuwa asibiti a ɓoye, likita ya ce ciwon hanta ne kuma ya yi nisa. Ya ce ya yi ta neman bakin da zai faɗa mini ya rasa, shi ya sa ya ɗauko rakodar, yana zaton zan gane. Na roƙe shi kada ya ƙara sa waƙar nan, ya yi mini alkawari. Ya cika kuwa. Watannin da suka biyo baya gidan ya yi tsit, amma kullum kunnena yana wajen akwatin nan.

Yau shekaru sun ja. Idan na bi ta gaban shagon aski, ko ɗan keke ya wuce da irin wannan kiɗan na jita mai kuka, sai na nemi dakali na zauna, na sa a kira mini 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. 'Yata ta ce samari na jin irin waƙoƙin nan ne don budurwa ta ƙi su, gobe su manta. Allah Ya sa iyakar kukansu ke nan. Abin da na koya kaɗan ne: idan tsoro ya kama ki, fara duba wanda ke kusa da ke kafin ki hau mota. Kaset ɗin yana nan a akwatina, rakodar ma tana nan. Ban taɓa juya shi ba. Ina tsoro, kuma ban san me nake tsoro ba.

Safiyar ranar da ya rasu, bayan na goge masa jiki, ya ce in ɗauko rakodar, wannan karon ni zan danna. Na ce ai ya yi alkawari. Ya ce alkawarin shi ne shi ba zai sa ba. Na danna. Muka saurara tare har inda jitar take kuka ita kaɗai, a nan na ga hawaye a fuskarsa, abin da ban gani ba ko ranar ɗanmu na fari. Da ta ƙare na zare kaset ɗin na ɗauki biro zan mayar da shi farko yadda ya saba, sai ya dafa hannuna. Bayan wannan babu abin da ya ƙara fita daga bakinsa sai kalmar shahada da ɗanmu mai walda ya laƙƙana masa da azahar. Amma ni, abin da ya ce mini shi ne:

"Bari mayarwa haka nan, uwar yara. In kin gama takaba ki juya shi. Ɗaya gefen na rawa ne."