Ƙullun Gwaggo Ya Mutu a Hannuna

Shekara shida ke nan da rasuwar Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina, mai wainar bakin tashar Kabo. Ita ta riƙe ni, kuma a gabana ta faɗi, da tsinken juya waina a hannunta. Har yau in na ji ƙaurin waina sai ranar nan ta dawo min.

Wani malaminmu na sakandare ya taɓa ba mu labarin masu dunƙula shinkafa da ɗanyen kifi a Japan, wai mai koyo yakan yi shekaru yana wanke shinkafa kafin a bar shi ya taɓa wuƙa. 'Yan aji suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don gidanmu yake faɗa. Tun ina firamare aikina wanki da jiƙo, sai na kusa gama sakandare ta miƙo mini ludayi. In na yi ƙorafi sai ta ce, "Ji min 'yar boko! Sauri ya haifi nawa. Koma ki sake, ruwan nan bai washe ba."

An ce zamanin tsuke bakin aljihu masu waina da yawa sun surka da masara. Gwaggo ta gwammace ta rage yawan suya. Yis kuwa ba ya shiga gidanta. Kullum takan rage ɗan ƙullun yau ta zuba a na gobe, shi ke tayar da shi. Da ta rasu, abin da na tarar a ƙwarya ke nan, na ci gaba da raya shi. Saboda shi ban ƙara kwana a wani gari ba. Bikin ƙawata a Gwarzo ma da la'asar na gudo.

Ko me za ta ce da ta ga yau? Tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jiharmu na koma suya cikin gida, masu saye suna tsayawa a zaure. Ban ce laifi ba ne, sutura ce. Amma ita daga fuskar mai ci take gane aikinta, ni kuwa hannuwa kawai nake gani ta labule.

A watan jiya zazzaɓi ya kwantar da ni. Ran da na tashi na buɗe ƙwaryar, ƙullun ya yi baƙi, yana wari. Kukan da na yi ya fi na ranar jana'iza. Na haɗa sabo cikin tsoro, ba wanda zan tambaya.

Baba Ilu, tsohon direba daga Garo, ya fi kowa daɗewa yana cin wainarta. Bayan mun gaisa ya ɗanɗana, sai ya ce:

"'Yar nan, wa ya taɓa ƙullun nan?"

"Baba, na Gwaggo ya mutu."

"To sai me? Sau nawa nata na mutuwa tana zagin kowa a tasha? Kanwarki ta yi yawa. Allah Ya kai mu goben in gani."

Ban san nata ya taɓa mutuwa ba. Na zaci ƙwaryar ce gadona, ashe taurin kan nan nata ne, na zubarwa a sake. Tsoron bai bar ni ba, kuma ƙullun bai kai ba tukuna. Allah Ya jiƙan Gwaggo. Gobe zan rage kanwa.