Malam, Sun Yi Iyo a Ruwa Mai Kauri

Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje, matarka, Mama, ta kira ni. "'Yata, Malaminku ya cika." Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in miƙe, in na fita sai in dawo.

Shekara shida nake ɗalibarka. Kai ka koya mini ƙera waɗannan murɗaɗɗun zarurrukan ƙarfe da ido ba ya gani, ka nuna mini yadda ake juya maganaɗisu daga waje su riƙa iyo cikin ɗigon ruwa. Burinka wata rana su ɗauki magani su kai shi daidai inda ciwo yake a jikin mutum.

Ranar da ɗayansu ya fara tura kaya, minti huɗu ya yi kafin ya ƙetare faɗin gashin kai. Ka fita da gudu ka kirawo dattijuwar da ke share mana ɗaki, ta leƙa madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Ta ɗago ta ce, "Malam, wannan ɗan dakon naka ko motar safe ba zai samu ba." Ka yi dariya har da hawaye.

Da na kifar da aikin wata uku a ƙasa, na ɓuya a bayan firji ina kuka. Ba ka yi mini faɗa ba. Tsumma ka ɗauko, muka goge tare.

Abu ɗaya ya hana ka sakat: a ruwa mai kauri irin na jini sai su maƙale. Ko a gadon asibiti, abin da ka tambaye ni ke nan. Na ce, "Saura kaɗan, Malam," alhali ban ma sake gwadawa ba, tsoro nake ji.

Jiya na rage saurin juyin kamar yadda ka sha gaya mini. Suka tafi, Malam, har da kayansu. Na ruga ofishinka, na ƙwanƙwasa sau biyu kafin na tuna.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Mama, da 'ya'yanki uku, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu ma ya ba mu.