Bawa Maƙeri da Bindigar Sarkin Baka

Da hantsi Bawa Maƙeri yake buɗe rumfarsa da ke bakin hanyar Maraɗi a Jibiya, domin aikinsa sai da hasken rana. Tsohon soja ne, ya gyara makamai a yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Tun da ya dawo, mafarauta ke kawo masa tsofaffin bindigogin soja da ake tsallakowa da su daga ƙasar Faransa, wato tsallaken iyakar nan ta arewa, waɗanda aka rarake cikinsu don su ɗauki harsashin farauta.

Bawa ba ya yarda da lambar da aka buga a jikin ƙarfe. Yana cewa lamba tana faɗin abin da bindiga take ci a da ne. Sai ya ɗaga bututun ya leƙa rana ta ciki, ya ƙwanƙwasa ya saurara, sannan ya zuba narkakken kakin zuma a mazaunin harsashi. Idan kakin ya daskare ya zaro, shi ke nuna masa girman ramin da kaurin ƙarfen da ya rage.

A bara, ana shirin farautar rani, Sarkin Baka Ɗanmaraya, shugaban mafarautan Magama, ya kawo wata bindiga da ya ɗaura wa layu. Bawa ya duba, ya ce masu rarakar sun cinye ƙarfen, wata rana za ta fashe a fuskar mai ita.

"Mi ka sani, tsoho?" in ji Sarkin Baka. "Tsarin da ke jikinta ya girmi kakinka."

Don a gwada, aka ɗaure bindigar a jikin aduwa, aka ja kunamar da doguwar igiya. Ta tashi lafiya. Jama'a suka yi ta dariya, wani ya ce Bawa ya baro zuciyarsa a Bama.

"Ranka ya daɗe, yau ba ta fashe ba," in ji Bawa. "In ka yarda da ita, ga ɗanka Kalilu nan. Miƙa mashi ya ɗora a kafaɗa."

Kalilu, wanda matarsa ke da tsohon ciki, ya miƙo hannu. Uban ya dube shi, ya rungume bindigar ya tafi.

Daga ranar mafarautan Magama suka ƙaurace wa rumfar. Bawa bai aika ban haƙuri ba, bai kuma janye maganarsa ba.

Bana idonsa ya raunana, zai ajiye aiki bayan kaka. Kai ne, Bawa, aka yi wa dariya a bainar jama'a ka tsaya a kan abin da ka gani. Mun gode. Masu sana'a su koyi faɗin a'a irin taka, ko a gaban wa.

Har yau Sarkin Baka ba ya gaishe ka. Bindigar tana rataye a zaurensa da layunta, kuma bai bar kowa ya sake harba ta ba.