Cediyar da Akuya Ta Cinye wa Ganye

A gidanmu na Kurugu, farkon shekarun saba'in, da an idar da sallar isha'i ɗakin Iya muke nufa. Iya ce ta haifi babanmu, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana Takwara. Takan hura 'yar wuta da kara, ta binne mana dankali a toka, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo kusa da garwashi. Mu biyar ne, ni da 'ya'yan baffana.

A shekarar da ƙyanda ta ɗauke ƙanena Sani, yana ɗan wata goma, mahaifiyata Inna ta daina magana. Ba ta kuka, ba ta faɗa. Takan zauna a bakin ƙofa tana kallon ƙasa har rana ta faɗi. An yi mata rubutu ta sha, babu canji. Da aka shiga wata na uku, baffana ya fara cewa a mayar da ita gidan iyayenta a Beli. Ko ni da nake 'yar shekara tara na gane in ta tafi ba lalle ta dawo ba. Babanmu bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Wata rana muna zaune sai Iya ta aike ni in kira babanmu, wai ya duba mata ƙyaure. Da ya shigo ta ce, "Zauna tukuna, Malam, in sallami yaran nan." Ba ta faɗin sunansa, don shi ne ɗanta na fari. Sai ta juyo gare mu ta soma tatsuniya.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri."

"Mun ba ta, Iya!"

Wai wata amarya ce aka kai wani gari da babu inuwa. Da za ta tafi, ubanta ya saro mata reshen cediyar ƙofar gidansu, kaurin damtse. Da damina ne. Ta haƙa rami ta zuba taki, ta barbaɗa toka saboda gara, ta kafa reshen, ta kewaye shi da ƙaya. Ya yi toho gwanin sha'awa. Sai rani ya shigo, akuya ta fasa shingen ta cinye ganyen tas. Reshe ya tsaya kamar sanda. Mijin ya gaji da ganinsa, ya ce zai tumɓuke ya yi turke.

Nan Iya ta sassauta murya ta yi irin ta amaryar. "Maigida, kankare ɓawon da farcenka ka gani." Ya kankare, sai ga kore a ciki, farin ruwa kamar nono ya ɗigo masa a yatsa. "To, da ransa. Bar mini shi."

Kullum safe takan zuba masa ƙwarya guda ta ruwan wankin gero. Ba ta taɓa tono gindin don ta ga ko saiwa ta kama ba. Har rani ya ƙare ko ganye ɗaya bai fito ba. Sai da ruwa ya sauka sau uku aka ga toho. Daga baya a ƙarƙashin cediyar nan mutanen garin suke cin kasuwa.

Na ce, "Iya, da sai ta canja masa wuri mai danshi mana."

"A'a, Takwara. In aka cire shi a wannan halin, ɗan ran da ya rage shi ma tafiya zai yi." Ta tona dankalin ta raba mana. "Tatsuniya ta koma gidansu, ku ma ku koma naku."

Babanmu ya miƙe, ko kallon ƙyauren bai yi ba. Washegari ya gaya wa baffana cewa Inna tana nan a ɗakinta. Sai kusan lokacin kaka Inna ta yi magana. Ina wucewa ta kama hannuna ta ce, "Zo in tsefe miki kan nan."

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin wa'azin haƙuri kawai. Sai da Inna ta tsufa, ta dawo wurina a Rogo, na yi ƙarfin halin tambayarta waɗancan watanni. Ta ce duk abin da ake faɗa tana ji, har maganar mayar da ita, amsawa ce ta gagare ta. Ta ce kullum safe babanmu yakan ajiye mata koko, ya gaishe ta, ya ɗan tsaya kamar mai jiran amsa, sannan ya tafi gona.

Ranar na gane haƙuri kaɗai bai isa ba, sai mutum ya ci gaba da yi wa mara lafiya mu'amalar mai rai. Na tambaye ta ko rubutun da aka ba ta ne ya yi aiki. Ta yi murmushi.

"Allah ne ya warkar. Amma wannan 'yar tsayuwar da yake yi, ita na ji kunyar in bari ta tafi a banza."