Tsoho Mai Rabon Ganye a Tashar Ariyalur

A tashar motar Ariyalur ga wani tsoho tsaye, farin zane a ƙugu, tawul a kafaɗa, gashin bakinsa ya isa a shanya wanki. Yana riƙe da faranti cike da ganyen betil da ake taunawa kamar goro, yana duban masu sauka kamar mai zaɓen shanun huɗa.

Ya tare taubashina Sengodan. "Ɗana, ka san garinmu Vembanatham? Sarakunan Chola na zamanin da suka haƙa mana tafki. Yawanmu kuwa, in muka yi atishawa tare, sai an ji a Tanjavur."

"To Kaka, ina jama'ar taku?"

"Sun ɗan zaga Tiruppur ɗinkin riguna. Jibi dai muna jan karusar haikali."

Da gani wannan zagawar har ta yi jikoki. Ina jin tsofaffi da awaki kaɗai suka rage. In ba a sami masu kama igiya ba, karusa ba za ta motsa ba, mutanen ƙetaren tafki su shekara suna yi musu dariya.

Tsohon yana miƙa ganyen da hannu biyu. Kowa ya san wanda ya karɓa ya amsa gayya, amma Sengodan, wanda tulu ma sai an taya shi ɗauka, abin taunawa bai taɓa wuce shi ba. Yana cikin tauna, tsohon ya matsa damtsensa, ya yi ajiyar zuciya.

"Ba komai, ɗana. Ka tsaya gaba-gaba, daga ƙetaren tafki za a ɗauka mutum ne."