Gidajen da Aminullahi Ya Gina a Waya

A unguwarsu da ke can saman dutse a Mpape, Injiniya ake ce wa Aminullahi, ko da yake bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba. Shi gininsa a cikin kwamfuta yake. Bazazzagi ne, bautar ƙasa ta kawo shi Abuja, da ya gama sai ya ƙi komawa. A wani ɗan shago a Wuse ya koyi rubuta manhaja, har ta kai ana nemansa. Gwanintarsa ita ce ya haɗa shafin intanet da zai buɗe tsaf a babbar kwamfutar ofis, ya kuma shige ƙaramar waya ba tare da ya karkace ba. Yakan gwada aikinsa a tsohuwar wayar Ɗangoggo, wani dattijo Bakatsine mai shagon tireda a bakin layinsu. In shafi ya buɗe a wannan wayar, da netwok ɗin Mpape mai zuwa yana ɗaukewa, to ko'ina ma zai buɗe.

A wurin aiki kuwa ba ya faɗin inda yake kwana, don unguwar talakawa ce. In an tambaye shi sai ya ce, "Can bayan Maitama," ya kau da zancen.

Ana haka Alhaji Muhyiddeen, mai wani kamfanin gine-gine, ya ɗauke shi aiki. Shafi yake so wanda masu hali, musamman mazauna ƙasashen waje, za su zaɓi gida a kansa tun kafin a haƙa tushe. Aminullahi ya zage damtse. Mutum zai taɓa gida da yatsa ya juya shi, ya shiga falo, ya hau bene, ya sauya launin fenti, ya leƙa ta taga. Ranar da shafin ya buɗe a wayar Ɗangoggo, tsohon ya daɗe yana shafa gilashin.

"Injiniya, wannan aljannar duniya a ina take?"

"Wallahi Baba, ni ma zanen kawai aka ba ni."

"To Allah ya sa albarka. Ko gadi ne a samo mana."

Da aiki ya kusa kammala, Alhaji ya ce su je su ga filin, a ɗauki hoton sararin da za a riƙa hangowa ta tagogin. Aminullahi na bayan mota, sai ya ga sun bar kwalta mai kyau sun kama hawan Mpape, suna ratsa tifofin dutse. Direba ya tsaya a kan wani tudu. Alhaji ya fito, ya miƙa hannu ya zagaye kwanukan rufin gidajen da ke ƙasa.

"Daga wancan masallacin har bakin rafi, duk namu ne. Takardu sun fito."

Aminullahi ya hango shagon Ɗangoggo. Ya hango igiyar shanyar matarsa Yusra, da zanen goyon 'yarsu Nazeefa a kai.

"Yallaɓai, ai da mutane a wurin," in ji Aminullahi.

"Zaman aro suke yi, Aminu. Hukuma za ta yi aikinta. Kai dai a shafin ka sa ciyawa da itatuwa, kada kwano ko ɗaya ya fito."

Kalma ɗaya ta rage ya ce, nan ne gidana. Amma kunya ta hana shi. Ya koma ofis, ya bi kwanukan a hoton ɗaya bayan ɗaya yana shafe su, yana dasa koren ciyawa. Da ya zo kan nasu ɗakin, hannunsa ya tsaya. Ya tashi ya yi alwala, ya dawo, ya shafe shi.

Abinci ya daina shiga masa. Yusra ta matsa da tambaya har ya faɗa mata. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube shi.

"Baban Nazeefa, ka sani ka yi shiru? Mu ɗaki ɗaya ne, za mu iya kwashe kayanmu. Baba Ɗangoggo fa? Jiya ma sabon kaya ya sauke."

Bayan la'asar ya tafi shagon, ya zauna a benci, ya zayyana komai. Ɗangoggo ya saurara bai katse shi ba. Can ya ce, "Wato gidajen nan da nake ta sa wa albarka, a kaina za a ɗora su?"

"Ban sani ba sai daga baya, Baba."

"Na yarda. Amma ba kowa ne zai yarda ba."

Haka kuwa aka yi. Kafin gari ya waye labari ya cika unguwa, ya kuma sauya kama. Aka ce Injiniya ne ya kai masu kuɗi, shi ya auna musu filin da kwamfuta, har gida aka yi masa alkawari. Dattawa suka yi ta zarya tsakanin mai unguwa da ofisoshi, ba su samo komai ba sai gajiya. Maganar ta kai kunnen Alhaji, ya kira Aminullahi.

"Ashe ɗan unguwar ne kai? Da ka faɗa mini, da na san yadda zan yi da kai. Yanzu ka miƙa lambobin sirrin shafin, ka je."

Ba da jimawa ba aka zo aka shafa jan fenti a bangaye, alamar rusau. Ranar da katafila ta shigo, Aminullahi ya taya Ɗangoggo fitar da katan-katan na sabulu da taliya, mutane na wucewa ba mai yi masa sallama. Tsohon ya loda abin da ya tsira a motar itace ya koma Katsina. Da za su rabu ya riƙe hannunsa ya ce, "Ka riƙe sana'arka, ba ita ta yi laifi ba. Sai dai ka riƙa tambaya kafin ka fara."

Yanzu a Karshi Aminullahi yake da iyalinsa, yana haɗa wa makarantu da 'yan kasuwa ƙananan shafuka. Aikin bai kai na da ba, ga nisa. Kwanakin baya ya haɗu da ladanin tsohon masallacinsu a kasuwa, yana cinikin doya. Ya yi masa sallama da fara'a. Mutumin ya amsa a taƙaice, ya ɗauki doyarsa ya shige cikin jama'a. Aminullahi ya daɗe a tsaye, har mai doyar ta ce, "Oga, za ka saya ne ko ka matsa?"